Rijiyar Kufan Magarya

Tun da muka dawo daga ƙasar Sabuwa ban sami sakewa a shagona ba. Wanda ya kawo ɗinki zai tambaya, wanda ya zo karɓa zai tambaya, har masu wucewa masallaci sai sun leƙo sun ce, "Haruna, wai da gaske ka shiga rijiyar? Mi kuka gani a ciki?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina taka keke, kowa ya ɗauki nasa guntun ya je ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya yadda ya faru.

Mu uku muka tashi daga Ƙanƙara. Akwai Baba Ilu, ƙanen mahaifina, wanda yake zaune a gidana tun da idonsa ya fara rauni. Akwai Alhaji Lawal, ɗan wan mahaifina, wanda ba sai na gaya muku ko wane ne ba. Jiya-jiyan nan gyaɗa yake auna wa mutane a kasuwa, yau kuɗin mai sun shigo ƙasa ya zama ɗan kwangila, shi ke gina kwalbatoci da azuzuwan makaranta. Sai ni, da aka ɗauka don in riƙe wa Baba hannu.

Alhaji ya sami dukiya, saura suna. Yana neman a naɗa shi wata sarauta, manya kuma suka ce masa kuɗi yanzu kowa na da su, ya kawo shaidar asali. Sai ya tuna da labarin da Baba ya saba ba mu muna yara. Asalinmu ba Ƙanƙara ba ne, wani gari ne da ake kira Magarya, can bayan Sabuwa, wanda ciwon barci ya watsa tun Baba yana ƙarami. Baba ya ji daga bakin uwarsa cewa kakansa shi ne mai garin, kuma lokacin da Turawa suka zo suna karɓe makamai, ya naɗe takobinsa da tambarinsa a cikin fata ya jefa a rijiyar garin. Alhaji ya ce a je a tono. Baba bai damu da takobi ba, ya ce shi dai a kai shi ya ga inda aka yanke masa cibiya kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

Muka shiga sabuwar a-kori-kurar Alhaji da hantsi, cikin bazara. Direbansa ya gudu Legas aikin sauke siminti, don haka shi da kansa ya kama sitiyari, ga shi bai daɗe da koyo ba. Duk lokacin da ya canza giya sai motar ta yi gurnani kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya, Baba ya ce, "Innalillahi."

Ba mu wuce 'Yargoje ba taya ta fashe. Ana aikin hanya a wurin, katafila ta kwashe ƙasa ta bar duwatsu masu kaifi. Muka fito da jak, muka juya shi sama, muka juya shi ƙasa, babu wanda ya san ta inda ake kama shi. Leburorin hanya suka gama dariyarsu, sannan suka taru suka ɗaga motar da hannu aka canza tayar. Baba ya ji muryarsu ta mutanen karkara ce, ya tambayi ɗaya daga ciki, "Ɗana, damina na tafe, wa ke yi maku sharar gona?" Mutumin ya ce, "Baba, wa ke noma yanzu? Shinkafa daga jirgin ruwa take saukowa." Muka kama hanyar Faskari.

A Faskari muka ci tuwon dawa da miyar kuka a rumfar wata mata mai faɗan tsiya, wadda ta hana Alhaji wanke hannu a ruwan shanta ta ce ba rijiya gare ta a cikin ɗaki ba. Muka tambayi mai haƙar rijiya, aka ce mu je Daudawa. A Daudawa aka ce masu rijiyarsu duk sun koma ɗaukar dilar auduga, mu nemi Tanko a Tafoki. Rana ta riga ta yi sanyi, muka sauka a zauren wani abokin Alhaji mai sayen auduga. Mutumin kirki, ya yanka mana zabi. Sai dai tabarminsa ba mu kaɗai muka kwana a kansu ba. Da safe duk jikinmu ya yi ruɗu-ruɗu, Baba yana susa yana cewa, "Wanga zamani ya cika. Har abin da ke cizon mutum ma kuɗi ne sunanshi." Ita ce dariya ta ƙarshe da na ji ya ba mu a tafiyar.

Tanko gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa kamar taɓare, bakinsa ba ya rufuwa don dariya da surutu. Muka same shi yana gyaran danga. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yar da wuƙar ya ce, "Alhaji, Allah ne ya kawo ka. Sana'ata mutuwa take. Ko'ina ka je an ce famfo za a kawo, babu mai son rijiya. In na ciro maka takobin nan keke nike so, da rediyo mai jaka." Alhaji ya ce har da agogo. Matarsa Ladi ta aiko mana da fura mai sanyi, ta tsaya bayan danga tana ce masa ya dawo da wuri, ba a yi wa gona komai ba. Ya ɗauko igiyarsa da guga da ɗan gajeren dagi, ya haye bayan mota. Duk hanya waƙa yake yi, in ya gaji ya leƙo ta taga ya ba mu labarin abubuwan da ya taɓa cirowa daga rijiyoyin mutane: akuya, tukunyar amarya, har da wani liman da ya zame da asuba.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Mu a Ƙanƙara ko hadari ba mu fara gani ba, su can wajen Sabuwa har an yi ruwan fari, ciyawa ta tsiro. Motar ta kafe a laka a wani kwari, muka fito za a tura, taya ta watsa wa Alhaji taɓo a farar shaddarsa tun daga wuya har ƙasa, domin ya ce in zauna in riƙe sitiyari shi zai nuna mana yadda ake turi. A kasuwar Sabuwa na ga doya tsibi-tsibi yadda muke tara gero, na kuma ga matan Gwari sun shigo da itace a kafaɗa, kansu babu komai. Na tambaya, aka ce su a wurinsu kai ya fi ƙarfin ɗaukar kaya. Tanko ya ce da matan garinsu za su ji wannan da an huta da sayen gammo. Tuwon masara ne abincinsu, fari sol, mai daɗin gani, amma kafin ka wanke hannu yunwa ta dawo.

Magarya yanzu tana cikin gandun daji na gwamnati. A bakin gandun akwai itace da aka gitta a hanya, da wani malamin daji mai kaki da ya yi masa yawa. Ya ce ba a shiga sai da izini, ba a sare ko tsinke, ba a tona ko ramin gyare. Alhaji ya ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus, ya ba shi goro. Da suka dawo malamin ya ɗage itacen da kansa, ya ce mu gaishe da mutanen ciki.

Muka sauka a unguwar ƙarshe kafin kufan, gidan Maiunguwa Audu, dattijo mai sanyin magana. Da ya ji nufinmu ya ce a al'adarsu ba a taɓa tsohuwar rijiya sai an yi gumba an raba wa yara sadaka, an kuma yi wa waɗanda suka sha ruwanta addu'a. Mu a gida bismilla kawai ake yi a zura guga. Alhaji ya ce ba shi da lokacin daka. Baba ya ce, "Lawal, iyayena ne suka sha ruwan." Aka yi gumbar, Alhaji yana ta duba agogo.

Da gari ya waye muka shiga, Maiunguwa da wasu magidanta suna gaba suna sare hanya, mota na bin su a hankali. Kufan ba wani abin kallo ba ne. Tudun ganuwa da ya narke, manyan kukoki, da ramukan marina da suka cika da ganye. Na riƙe Baba muna zagawa. Ya ce gidansu yana gabas da wata kuka mai kogo, mu nemo masa. Kukoki masu kogo sun fi a ƙirga. Ya shafa wannan ya ce ba ita ba ce, ya shafa waccan, ya ce, "Haruna, mi kake gani a nan?" Na ce ciyawa, Baba. Ya ce, "Ba ko tubali?" Na ce babu. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya riƙe a hannu. Yana cikin karanta wa uwayensa fatiha Alhaji ya danna hon, wai an ga rijiyar, mu zo.

Rijiyar tana ƙarƙashin wani ɓaure da saiwoyinsa suka cinye rabin bakinta. Aka share ƙaya, jemagu suka taso mana a fuska. Tanko ya zura fitila da igiya, ta kai ƙasa ba ta mutu ba, ya ce iskar ciki lafiya lau. Aka kafa gwafa biyu a bakin rijiyar, aka gitta itace, aka ɗora igiya a kai. Tanko ya tuɓe ya rage gajeren wando, ya tofa a tafinsa, ya ce, "Alhaji, a fara zaɓo launin keken." Ya sauka yana waƙa.

Babu ruwa sai laka. Guga ya yi ta hawa yana sauka har rana ta take tsaka. Aka ciro sakaina da fasassun tukwane, ƙasusuwan dabbobi, ruwan fartanya da tsatsa ta cinye. Duk gugan da ya fito Alhaji zai tsoma hannu har gwiwa ya dama, ya yi tsaki. Can aka sami wata ƙaramar munduwa ta tagulla, wadda ko hannun yarinya da ƙyar za ta shiga. Alhaji ya juya ta ya jefar. Na ɗauka na wanke na ba Baba, ya yi ta shafa ta da yatsa, ya sa ta a aljihu.

Bayan azahar muryar Tanko ta taso daga ƙasa: "Alhaji! Na taɓa wani abu! Shina da tsawo, shina da nauyi, kamar adaka!" Alhaji ya kusa faɗawa ciki don leƙe. Tanko ya tona gefen abin ya ɗaure shi da igiya, muka kama mu duka muka ja. Ko motsi bai yi ba, laka ta riƙe shi. Alhaji ya ce ga mota a tsaye muna wahalar da kanmu. Maiunguwa ya ce to Tanko ya fito tukuna. Tanko ya ɗago murya ya ce in ya fito wa zai riƙa kauce da shi daga bango, akwai wani lungu a jikin rijiyar da zai raɓe, a ja kawai. Aka ɗaura igiyar a bayan mota, Alhaji ya shiga ya tayar da ita.

Da farko abin ya tafi daidai. Igiya ta miƙe, aka ji laka ta saki, kayan ya fara hawa. Ina tsaye kusa da baki, ni na fara ganinsa da ya iso haske. Dutsen niƙa ne. Babban dutsen niƙa irin na kakanninmu, cikinsa ya lotsa don aiki. Na buɗe baki in ce a tsaya, Alhaji kuwa jin ihun mutane ya sa ya ƙara taka mai. Dutsen ya daki itacen da aka gitta, gwafar ta tumɓuke, ƙasar bakin rijiyar da ruwan fari ya jiƙa ta zabtare, igiya ta tsinke. Dutse da itace da ƙasa duk suka koma ciki. Ƙarar ban taɓa jin irinta ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Muka yi ta kira, "Tanko! Tanko!" Shiru. Can sai muka ji nishi.

Duk cikinmu ni ne marar nauyi, bakin rijiyar kuma ba zai ɗauki ƙato ba. Aka ƙulla sauran igiyar, aka ratayo ta a reshen ɓauren, aka ɗaure ni a ƙugu. Kun tambaye ni yadda cikin yake. Sanyi ne da wari, warin kashin jemage da ruɓaɓɓen ganye. Saiwoyi suna shafar fuskarka kamar yatsu. Ƙasa tana ta zubo maka a ka, kowane ɗan tsakuwa ka ɗauka shi ne na ajali. In ka ɗaga kai sama ta koma kamar faifai. A jikin bango akwai ƙananan ramuka na taka ƙafa da mutanen da suka haƙa ta suka sassaƙa, sun yi sumul. Ban ga aljani ba, ban ga maciji ba, masu cewa na gani su suka gani.

Na sami Tanko a kife, ƙasa ta binne shi zuwa ƙirji, itacen yana kan bayansa, dutsen yana gefe ya dare biyu. Na yi ta tono da hannu da sakaina. Da na share masa fuska ya buɗe ido ya ce, "Malam Haruna, adakar ta fita?" Na ce yi shiru. Ya ce, "To ka cire mani ƙafafuna daga ƙasa." A lokacin na riga na tone su, suna shimfiɗe a fili. Na ce to.

Muka ɗaure shi a jikin wani ƙyaure da Maiunguwa ya aika aka ciro daga ɗakinsa, aka jawo shi da hannu a hankali. Da na fito na tarar da Alhaji zaune a ƙasa, hularsa ta faɗi, yana cewa ƙaddara ce, ƙaddara ce. Baba ya tambayi mene ne aka ciro. Na gaya masa. Ya ce yanzu ya tuna, ranar da za a bar garin ya ga mata suna ta gungura duwatsunsu zuwa rijiya suna kuka, don ba za su ɗauku ba, kuma ba su son baƙo ya yi niƙa a kansu.

Hanyar komowa ba ni da abin faɗa a kanta mai yawa. Na zauna a baya na riƙe kan Tanko a cinyata, duk ramin da mota ta faɗa sai ya ciji leɓe. Malamin daji ya ɗage mana itace ya kau da kai. A asibiti a Funtuwa suka ce ƙashin baya ne, a wuce da shi Zariya. Alhaji ya kai shi, ba zan ce bai kai shi ba. Ya kuma bar shi a can washegari, domin ana jiransa wajen rabon kwangila. Ni na je Tafoki na gaya wa Ladi. Tana shara na same ta. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To wa zai yi mana shuka?" Sannan ta zauna a kan tsintsiyar.

Sauran kun fi ni sani, don a gabanku aka yi. Ba a daɗe ba Alhaji ya tafi Kano ya dawo, sai ga takobi a zaurensa, tsoho mai kube na jan fata, an rataye shi a bango sama da rediyo. Aka ce daga rijiyar Magarya ya fito. Ya zo gidana da kansa da turmin shadda, ya durƙusa gaban Baba ya ce manya za su aiko a tambaya, yana roƙon Baba ya shaida na kakansa ne. Ya ɗora masa takobin a cinya. Baba ya shafa kuben tun daga sama har ƙasa, ya sunsuna, ya miƙa masa ya ce, "Lawal, ni makaho ne. Ka nemi mai ido." Alhaji ya sami masu ido, har sun yi masa yawa. Ni ma da na faɗi abin da na gani a majalisa, aka ce hassadar ɗan'uwa ce. An yi naɗi, an ci shinkafa, maroƙa sun wasa jikan mai takobi. Baba bai je ba. Tun daga ranar ma bai cika fitowa ƙofar gida ba, munduwar nan tana cikin aljihunsa.

Bayan an yi girbi na hau motar kasuwa na koma Tafoki. An sallamo Tanko. Na same shi a kan tabarma a gindin danga, ƙirjin nan ya zube, ƙafafun sun zama kamar kara. Gonarsa dangi sun taimaka sun shuka rabi, rabin ya tafi a ciyawa. Ladi tana sussukar dawar wasu a maƙwabta don a ba ta ɗan abin tuwo. Babu keke. Akwai dai buhun masara a jingine a ɗaki, Tanko ya ce Alhaji ne ya aiko, kuma ɗan aiken ya ce za a riƙa aikowa in dai ana zaman lafiya.

Ya yi murna da ganina, har ya so ya yi irin dariyarsa tari ya hana shi. Muka gaisa, ya tambayi Baba. Na ce masa ko ya ji labarin abin da aka rataye a zauren Alhaji.

Ya ce, "Na ji. Ai har nan ake zuwa kallona. Ran kasuwa wani ya taso tun daga Faskari, wai shina son ya ga mutumin da ya ciro takobin. Na ce mashi ga ni. Ya ce in gaya mashi yadda takobin yake."

Na ce, "Mi ka ce mashi?"

Tanko ya dubi ƙofar ɗakin da buhun yake, ya dube ni. Ya ce, "Na ce mashi shina da nauyi."

Rana ta riga ta cinye inuwar dangar ta fara taɓa shi. Ya ƙwala wa Ladi kira ba ta ji ba, ƙarar sussuka ta yi yawa. Na kama bakin tabarmar na ja shi zuwa inuwa.